Ruwa ya ci gindin ɗakin Inna, ita kuma ta ce ba inda za ta

Assalamu alaikum. Ina zaune a gidanmu na gado, a ɗaya daga cikin unguwannin Maradi da ke gangare ta wajen gulbi, ni da iyalina da mahaifiyarmu. Ruwan daren Talatar da ta wuce ya cika mana tsakar gida har kusan gwiwa, ya shiga ɗakuna uku, masai ma ya tumbatsa. Ɗakin Inna ginin ƙasa ne mai rufin soro, an yi masa shafen siminti shekarun baya. Yanzu simintin ya kumbura daga ƙasa yana ɓallewa, bangon gabas ya tsage daga kusurwar taga zuwa sama, ƙofar kuma sai an sa kafaɗa take rufuwa. Inna ta ce ba za ta fita ba, a nan ta yi shekara 40 da marigayi Baba, kuma abin da Allah Ya rubuta ba makawa. Yayana da ke Yamai ya turo jika 150, ya ce a sayi siminti a sake shafe bangon cikin makon nan. Ni kuwa a ganina tun da maƙwabcinmu ya cike ƙofar gidansa ya yi dogon dakali bara, ruwan rariyarmu ya rasa hanya. Na yi masa magana, ya ce a filinsa ya yi. Ba na son in saɓa wa Inna, ba na son Yaya ya ce na ci kuɗinsa, ba na kuma son rigima da maƙwabci. Ta ina zan fara?

Ɗan'uwanku daga Maradi

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sannu da wannan jarrabawa, Allah Ya mayar da alheri, Ya kiyaye gaba. Damuwa huɗu ka haɗa a wasiƙa ɗaya, amma ba nauyinsu ɗaya ba. Siminti zai jira, Alhaji maƙwabci zai jira, Yaya ma zai jira. Abin da ba zai kai gobe ba shi ne kwanan Inna a wannan ɗaki.

Alamu ukun da ka faɗa magana ɗaya suke yi. Tsagar da ta tashi daga kusurwar taga ta hau a karkace tana nuna wani ɓangare na gindin bangon ya zauna, ya bar sauran. Ƙofar da ta fara cijewa kwatsam tana nuna ginin ya murɗe. Simintin da ya kumbura kuma yana gaya maka ƙasar da ke bayansa ta sha ruwa ta yi laushi. Sai ka tuna abin da ke bisa wannan bango. Soro mai mita 4 a kan mita 4, in kaurin ƙasarsa santimita 20 ne, nauyinsa ya haura tan 5 tun yana busasshe, ga yaɓen da ake ƙara masa kowace shekara, ga ruwan da ya sha. Ginin ƙasa kuma ba lalle ne ya faɗi ana cikin ruwa ba. Sau da yawa sai an ɗauke, laimar ta gama ratsa shi, mutane sun saki jiki sun kwanta, sannan ya zube. Don haka hasken rana na yau kada ya ruɗe ka.

Inna ba taurin kai take yi ba. Wanda ya yi shekara 40 a ɗaki, ya haihu a ciki, ya yi jinyar miji a ciki, in aka ce ya fita sai ya ji kamar sallamarsa ake yi. Wataƙila ma abin da take tsoro shi ne in ta fita a rushe ɗakin, ta koma ƴar rakuɓe a ɗakin suruka. Wannan tsoron za ka fara kashewa. Kada ka je mata da "dole ki fita". Ka samo wanda take jin nauyinsa, ƙaninta ko aminiyarta ko limamin unguwa, ku zauna da ita a tsakar gida inda tana iya ganin tsagar da idonta. Ka ce mata: "Inna, ɗakinki naki ne, gyara shi za mu yi, kuma ke za ki koma ciki kafin sanyi ya kankama. Aron kwanaki muke roƙo." Maganar ƙaddara gaskiya ta faɗa, sai dai wanda ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, cewa aka yi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Liman zai fi ka iya faɗa mata wannan ba tare da ta ji ɗanta yana yi mata wa'azi ba. Ka ba ta ɗakin da ya fi kowanne lafiya a gidan, ko da naka ne, ku ku matsa. A kwashe mata komai da rana tsaka, gado da akwati da kwanoni har da buta da carbi, mutum biyu su shiga su fito da sauri, domin in an bar abu ɗaya za ta koma ɗaukarsa. Sannan a rufe ɗakin, a hana yara wasa a jikin bangon, ciki da waje, musamman ta gefen da ya karkata. In gidan ba shi da ɗaki mai aminci, ta yi mako biyu ko uku gidan ƴarta, ba abin kunya ba ne.

Da zarar ɗakin ya zama ba kowa, ka kira magini wanda ya san ginin ƙasa, ba wanda aikinsa bulo kawai ba. Ya sa tokara ƙarƙashin azara: katako mai kauri a tsaye, da falanki shimfiɗe a ƙasa don kada ya nutse cikin jiƙaƙƙen daɓe, da wani a sama mai tare azara uku ko huɗu lokaci guda. A soro a shimfiɗa tamfol ko leda mai kauri a danne da duwatsu, amma a bar bakin indararo a buɗe, kuma kada a hau ta gefen da ya tsage. Kai ma akwai awon da za ka iya yi da kanka. Ka ɗaura dutse a igiya ka sako shi daga saman bangon ta waje, ka ga ko bangon ya kauce wa igiyar. Ka ja layi da fensir a inda tsagar ta tsaya, ka auna faɗinta, ka rubuta kwanan wata a gefe, ka riƙa dubawa safe da yamma. In tana tsawo ko tana buɗewa, ko yatsanka yana shiga, ko ana hango haske ta cikinta, ko ruwa ya cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na kaurin gindin, to wannan bango ba na gyara ba ne, na saukewa ne a sake ɗora shi. In ka ji azara tana ƙara ko ƙasa tana zubowa daga rufi, kowa ya nisanta. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, ka sa ta a wayar matarka ma.

Wuta kuma, in ruwa ya kai inda ake jona kaya, a kashe ta daga babban makunnin da ke wajen mitar, da busasshen hannu, kana tsaye a busasshen wuri. In mitar kanta ta jiƙe kada ka taɓa, ka kira kamfanin wuta NIGELEC. Kada a mayar da wuta sai mai gyara ya buɗe wuraren jonawa ya ga sun bushe. Firji ko fanka da ta sha ruwa a bar ta kwanaki, a duba ta kafin a kunna.

Tun da masai ya tumbatsa, duk abin da ruwan nan ya taɓa ka ɗauke shi a matsayin mai najasa. A fara kwashe taɓo da shebur, a wanke da sabulu, sannan a zo da Javel, ruwan kashe ƙwayoyin cuta, domin in aka zuba shi kan laka ƙarfinsa a banza yake tafiya. Ka duba jikin kwalbar: in mai 12° ne, ma'auni 1 na Javel a ma'auni 6 na ruwa, in mai 8° ne, 1 a 4. A shafa a daɓen siminti da bakin masai, a bari ya yi minti 10 zuwa 15 kafin a ɗauraye, ƙofa da taga a buɗe, kuma kada a gauraya shi da wani maganin wanki. Daɓen ƙasa kuwa a kankare samansa kamar yatsa biyu a zubar, a zuba busasshen yashi. Katifar da ta sha wannan ruwa, ta soso ce ko ta auduga, a haƙura da ita. Tufafi da tabarmi kada su wuce kwana biyu a jiƙe, fumfuna ba ta ɗaukar lokaci. Hatsin da ruwan ƙasa ya shiga a zubar. Na san da zafi a faɗi haka a watan da buhu yake da tsada, amma gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai lalata hanta wadda dafuwa ba ta kashewa. Takardun gida da na haihuwa a rarraba su ɗaya-ɗaya a inuwa, a ɗauki hotonsu da waya. Ruwan sha a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a jefa ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs mai 67 mg a bido mai lita 20 na ruwa garai a jira minti 30. Randa da tulu a wanke su kafin a sake zubawa. Duk wanda ya fara zawo kamar ruwa, musamman yaro ko Inna, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari a nufi asibiti, kada a jira gari ya waye. Kowa ya kwana cikin gidan sauro, don kwana 7 zuwa 10 sun isa kududdufin tsakar gida ya ƙyanƙyashe muku sauro. Abu ɗaya da nake roƙonka: kada a kunna gawayi a rufe ɗaki wai don ya bushe, alhali mutum na ciki. Hayaƙinsa ba ya wari, kuma yana kisa cikin barci. Shi kansa masan, in ƙasar gefensa ta lotsa ko murfin ya tsage, kada kowa ya taka, ƙasar Maradi yashi ce, rami yana ruftawa.

To, mu zo ga Yaya. Niyyarsa mai kyau ce, kuma mutumin da ya ji labari ya turo jika 150 ba a raina masa. Yana nesa, abin da ya gani a hoto shi ne siminti ya ɓalle, sai ya ce a mayar. Amma simintin nan yana cikin abin da ya jawo matsalar. Bangon ƙasa yana shan laima yana kuma fitar da ita ta jikinsa. In aka lulluɓe shi da siminti, ruwa yana samun hanya ta ƴan tsagogi, ta saman bango, ta ƙasa, ya shiga, amma ba ya samun ta fita. Sai ƙasar ta yi ta ruɓewa a ɓoye, fuska kuwa sumul. Ka ƙwanƙwasa shafen da bayan wuƙa, duk inda ka ji yana amsawa kamar ganga, ya riga ya rabu da bango. Shafa sabon siminti a kan jiƙaƙƙen bango cikin makon nan daidai yake da ɗaure miki da ruwa a ciki, kuɗin ya tafi, haɗarin kuma ya ɓuya daga ido. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Abin da ya dace yanzu, bayan an sa tokara, shi ne magini ya ɓamɓare shafen da ya saki a hankali, har kamar santimita 50 sama da inda ruwa ya tsaya, don bangon ya sha iska. Kaurin bango irin na da yana ɗaukar makonni kafin ya bushe. Ga yadda za ka gane: ka liƙa leda mai faɗin rabin mita a jikinsa, ka rufe gefenta da salatif, ka dawo washegari. In ka ga gumi a bayanta, da saura. Ainihin gyara sai ruwa ya ɗauke, daga tsakiyar Oktoba zuwa Nuwamba, iskar hunturu ta taya ku.

Kada ka yi wa Yaya wannan bayani da bakinka kawai, zai iya ji kamar ƙaninsa yana ja da shi. Ka kira shi ta bidiyo magini yana tsaye, a ƙwanƙwasa bangon ya ji, a tura yatsa cikin ƙasar ya gani. Sannan ka rubuta duk dalar da ta fita a littafi, ka riƙa tura masa hoton shafin. Tun da gidan gado ne da ba a raba ba, ku yi magana tun yanzu, har da ƴan'uwanku mata domin suna da haƙƙi a ciki: kuɗin nan kyauta ce ga Inna, ko bashi ne a kan gida da za a cire ranar rabo? A rubuta, mutum biyu su shaida. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma gyaran gidan gado ba tare da rubutu ba ya raba ƴan'uwa da yawa.

Maganar Alhaji ita ce ta fi buƙatar sanyin kai, kuma ina so ka fara da lissafi kafin ka fara da shi. Ruwan sama milimita 1 a kan fili mai mita 1 a kan mita 1 lita ɗaya ne. Gida mai mita 15 a kan 20, in aka yi ruwa milimita 50, ya tara lita 15,000, wato tano 75 mai cin lita 200, kuma duk ta rariya ɗaya ake so ya fita. Maradi tana samun wajen milimita 500 a shekara, amma ba a hankali yake zuwa ba. Na ƙarshen Agustan 2024 ya zubar da kusan milimita 150 cikin abin da bai kai awa biyu ba, ya yi ajalin aƙalla mutum 15 a cikin gari. Kuma garin nan da kansa ambaliyar 1945 ce ta tashe shi daga bakin gulbi aka mayar da shi kan tudu. Unguwar da ke gangare tana karɓar nata ruwa da na waɗanda ke sama da ita. Ina faɗin wannan ne don ka yarda cewa mai yiwuwa dakalin Alhaji ya ƙara matsalar, ba lalle shi kaɗai ya haife ta ba. Shi ma tsoron ruwan ne ya sa ya cike ƙofarsa. Ga kuma abin da ke faruwa da tsofaffin gidaje: titi yana hawa shekara bayan shekara da yashi da shara da cikon da kowa ke yi, har tsakar gida ta koma ƙasa da shi kamar kwano.

Ka sayi siririn tiyo mai haske mita 15 ko 20, irin wanda magina ke awon daidaito da shi, ka cika shi da ruwa ba kumfa. Ruwan da ke bakinsa biyu kullum a tsayi ɗaya yake tsayawa. Da shi za ka auna wurare huɗu: tsakar gida, bakin rariya ta ciki, bakinta ta waje, da inda ruwan ya kamata ya bi bayan dakalin. Ka kuma zura sanda cikin rariyar, sau da yawa leda da yashi ne suka cinye rabinta. In awo ya nuna titi ya fi tsakar gidanku tudu, to ko an fasa dakalin ruwa zai dawo muku, maganinku ciko ne da ɗaga bakin ƙofa. In kuwa ya nuna hanya tana nan dakalin ne ya datse ta, ka samu hujjar da ba ta buƙatar ɗaga murya.

Sai ka je masa gida bayan la'asar, ba a bakin titi gaban jama'a ba, tare da dattijo ɗaya da yake girmamawa. Ka fara da jajanta masa nasa ruwan. Kada ka nemi ya rushe abin da ya kashe wa kuɗi, wannan shi zai sa ya kafe. Ka roƙi a ratsa bututun roba ta ƙarƙashin dakalin, a mayar masa da shi yadda yake. Mai faɗin milimita 110 yana ɗaukar ruwan gida irin naku a ruwa matsakaici amma yana shaƙewa a babba, don haka a sa mai 160, ko 110 guda biyu. A ba shi gangara santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, a sa raga a bakinsa don tare leda, a bar ɗan rami mai murfi inda za a riƙa kwashe yashi. Ka ce kai za ka sayi bututu, shi ya ɗauki aikin fasawa da mayarwa. Ko da duka ya faɗo kanka, ya fi arha a kan sake bango. Ka nuna masa kuma cewa ruwan da ke kwanciya a jikin katangarku yana jiƙa gindin tasa. Maganar "a filina na yi" ba ta rufe zance, domin ƙa'idar addini sananniya ce, ba cuta ba cutarwa, kuma gaban gida hanyar jama'a ce. In ya ƙi, sai mai unguwa ya zo ya gani da idonsa. In nan ma abin ya faskara, akwai ma'aikatar magajin gari ta da'irarku, masu kula da tsabta da magudanan ruwa. Ka bi su a jere, kada ka tsallake, kuma ka hana samarin gida taɓa dakalin da dare. Da mutumin nan za ku ci gaba da haɗa sahu.

Kafin a daidaita, ka kare sauran ɗakunan daga ruwan da ya rage a wannan damina. Buhunan yashi a bakin kowace ƙofa, a cika su rabi ko ɗan fiye, a jera kamar tubali ana haɗa baki, a tattake, da leda ta gefen da ruwa ke zuwa. A jikin bangaye a zuba jar ƙasa a daddaɓe ta gangaro waje, a toshe duk kwarin da ruwa ke kwanciya. Kaya su hau kan bulo ko benci. Rijiyar tsotse ruwa mai cike da duwatsu tana aiki a ƙasar yashi, amma ragowar ruwa take sha, ba ambaliya ba, kuma kada a haƙa ta kusa da bango ko masai, a ba ta aƙalla mita 4 ko 5.

Idan rani ya shigo, ga yadda zan so kuɗin ya tafi. Na farko hanyar ruwa, domin duk abin da aka gina kafin a gyara ta ruwan baɗi zai ci. Na biyu gindin ɗakin Inna. In bangon na tsira ne, a gyara shi gaɓa-gaɓa, kada a buɗe fiye da mita ɗaya lokaci guda, a yi nan a tsallake a yi can. A kankare ruɓaɓɓiyar ƙasa har a kai mai tauri, a cike da busasshen tubali da kwaɓi irin na bangon. Cusa ɗanyen taɓo mai kauri ba ya yi, yana bushewa ya ja jiki ya bar rami. In kuma na saukewa ne, kuma daga bayaninka na fi zaton bangon gabas haka yake, a haƙa tushe santimita 50 zuwa 60 har a taras da ƙasa mai ƙarfi, a zuba kankare, buhu ɗaya na siminti da baro ɗaya na yashi da baro biyu na tsakuwa. A ɗora bulo marar rami har ya haura inda ruwan bana ya tsaya da aƙalla santimita 20, faɗinsa kada ya gaza na bangon da zai hau kansa. Bulo mai tsawon santimita 40, bango mai mita 4 yana cin guda 10 a kowane layi, ka ga lissafin ba wuya. Buhu ɗaya kada a ja shi ya wuce bulo 20 irin wannan, a kuma yi ta ba su ruwa kwana 7. Wanda ka kankara da ƙusa ya zubo kamar gari, ka mayar wa mai shi. A saman bulon a shimfiɗa leda mai kauri ko a shafa kwalta don rima kada ta hau, sannan a ci gaba da tubalin ƙasa. A nan simintin Yaya zai yi amfani, kuma Inna ta koma ɗaki mai sanyin da ta saba, ba tanda ba.

Na uku rufi. A duba kan kowace azara inda ta shiga bango, nan gara da ruɓa suke farawa, a soka wuƙa a ji. A rage tsohuwar ƙasar da ta taru, a shimfiɗa leda, a mayar da yaɓe mai gangara zuwa indararo. Ɗaki irin wannan indararo biyu ya kamata, don in ɗaya ya toshe, kowanne ya fito aƙalla rabin mita daga bango, da dutse ko fasasshen bulo a inda ruwan ke sauka, domin fantsamar nan ita ke fara cin gindin gini. In kun zaɓi kwano, ya zarce bango da santimita 40 zuwa 60, ƙusa a kan tudun kwano ba cikin kwarinsa ba, a kuma ɗaure katakon da waya mai kauri da aka binne layi uku ko huɗu cikin bango, saboda iskar da ke gaban hadari. Bangon gabas shi ke shan dukan ruwa a ƙasarmu, shi ya sa naku ya riga sauran gajiya. Shi za a fi ba yaɓe mai kyau, ƙasa da ƙaiƙayi da kashin shanu da aka bari suka kwana biyu ko uku a kwaɓe, ko makuba in an samu, a shafa siriri sau biyu, a kuma sabunta kafin kowace damina. Bakin masai a ɗaga shi ya fi tsakar gida da santimita 30 ko fiye.

Jika 150 ba za ta ɗauki wannan duka ba. Tokara da tamfol da bututu da bangon gabas su ne gaba, sauran a bi su wata-wata. Ka ɗauki hotunan ɓarnar yau kafin a share, ka kai sunan gidanku wurin mai unguwa don ya shiga cikin waɗanda ake ƙidayawa in hukuma ko ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge sun zo rabon taimako. In ya zo, alhamdu lillahi, amma kada ka jingina aikin da shi. Yau dai kafin magariba ka nemo kawunka ko liman, a fito da gadon Inna. Allah Ya ba ta lafiya da tsawon rai, Ya sa ta koma ɗakinta da ƙafarta.